Yadda ake haɗa jirgin ruwa na takarda da ke miƙewa idan an buɗe kati

Kati ne na kwali da aka ninke biyu kamar bangon littafi. Da an buɗe shi ya shimfiɗu a kan tebur, sai jirgin ruwa ya taso daga tsakiyarsa: ganga, daɓe, jigogi uku da filafilansu, da igiyoyi a miƙe. Da an rufe, komai ya koma ya kwanta. Babu roba a ciki, babu waya. Buɗewar shafukan nan biyu ce kaɗai ke tayar da jirgin, layukan ninki kuma su ke kai ƙarfin inda ake bukata. Shi ya sa rabin aikin awo ne. Fenti yana rufe aibin zane, amma ba ya gyara kusurwar da ta kauce da digiri biyu.

Ganga a nan ita ce jikin jirgin, daɓe kuma shimfiɗar da ke samanta inda ake takawa. Filafili shi ne ƙyallen da ke kama iska ya tura jirgi, jigo kuma dogon sandan da ake rataya shi. Kunne shi ne ɗan rarar takarda da ake bari a gefen yanki don shafa gam. Layin tsakiya shi ne inda katin ya ninku. Jirgin zai zauna a kan layin nan ne, goshinsa na kallon ƙarshe ɗaya, ƙeyarsa na kallon ɗayan.

Kafin a ɗauki wuƙa, a zaɓi irin jirgin. Jiragen dakon shayi na ƙarni na 19, irin su Cutty Sark da aka ƙera a 1869 wanda yanzu yake ajiye a Greenwich a Landan, suna da kyau ƙwarai, amma sirara ne, tsawonsu ya kusa ninka faɗinsu sau shida, ga filafilai barkatai. Daɓe siriri ba ya ba jigon takarda wurin kafa ƙafa. Jiragen ƙarni na 15 da na 16 sun fi dacewa da mai farawa: gajeru ne, masu ciki, masu tudun ƙeya. Santa Mariya, jirgin da Kolumbus ya ƙetare Tekun Atlantika da shi a 1492, jigo uku gare shi, na gaba da na tsakiya da filafilai masu kusurwa huɗu, na baya da filafili mai siffar alwatika. Wannan tsarin za mu bi.

Kayan aiki

Takarda iri uku ake so, kuma nauyinta yana da muhimmanci fiye da launinta. Ana auna nauyin da giram a kowace murabba'in mita, kuma yawanci a rubuce yake a jikin fakiti. Na katin kansa, kwali mai giram 250 zuwa 300, girman A4, wato milimita 210 da 297. Na ganga da daɓe, mai giram 200 zuwa 220. Na jigogi da filafilai, mai giram 160 zuwa 180. Takardar rubutu ta yau da kullum mai giram 80 ba ta iya ɗaukar kanta a tsaye, kwalin da ya wuce 300 kuma yana tsagewa a bakin ninki.

Sai wuƙar yankan takarda mai sabon baki, rular ƙarfe, ma'aunin kusurwa, fensir mai tsini, biron da tawadarsa ta ƙare don karta layin ninki, hantsaki, tsinke don shafa gam, allura, siririn zaren ɗinki, da faifan yanka ko wani kwali mai kauri da za a shimfiɗa a ƙasa. Gam, farin nan na PVA. Gam mai sanda da ake murzawa yana iya saki idan aka yi ta buɗe katin, salatif mai fuska biyu kuma yana zamewa a hankali a inda ake jansa.

Kowace takarda tana da jijiya. Ka lanƙwasa ta a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi: ɓangaren da ya fi saurin yarda, jijiyar tana tafiya ne tare da layin lanƙwasar. Ka yanke jigogi yadda jijiya za ta bi tsayinsu. Idan ta gitta su, jigon zai rusuna a tsakiya ko da awonsa daidai ne.

Kada ka fara da takarda mai kyau. Ka fara haɗa jirgin gaba ɗaya da farar takarda mai araha, ba zane ba launi, ka buɗe ka rufe har ka ga inda yake cijewa. Masu wannan sana'a ba sa tsallake wannan mataki, komai daɗewarsu a cikinta.

Duk awon da zai biyo baya a milimita yake.

Kati da ganga

Ka karta layi a tsakiyar doguwar fuskar kwalin, ka ninke. Kowane shafi zai zama 148 da 210, layin tsakiya kuma tsawonsa 210. Ka ja layin fensir a kowane shafi, daura da layin tsakiya, nisan 20 daga gare shi. A kan waɗannan biyun bangayen jirgi za su tsaya, faɗin jirgin ke nan 40. Daga ƙarshen da ƙeya za ta kalla, ka sa alama a 30 da 120.

Bango biyu ne, na dama da na hagu, kowanne kishiyar ɗan'uwansa kamar a madubi. Kowanne yanki ɗaya ne mai sassa huɗu, ƙasansa a miƙe. Daga baya: sashen ƙeya, faɗi 22, tsayi 40. Sashen tsakiya, tsawo 90. Milimita 15 na farkonsa tsayinsu 40, sauran ya sauka zuwa 31. Sashen goshi, tsawo 45, tsayinsa yana hawa daga 31 zuwa 33. Na ƙarshe ɗan siririn hanci ne mai faɗin 5, wanda daga samansa mashin goshi, wato sandan da ke miƙa gaba daga goshin jirgi, yake fita, kaurinsa 4, yana hawa da digiri 20, har ya kai 35 gaba da ƙarshen sashen goshi. Tsakanin kowane sashe da na kusa da shi akwai layin ninki a tsaye cak, digiri 90 da ƙasan bango. A ƙarƙashin sashen tsakiya kaɗai za ka bar kunne mai faɗin 6, wanda zai ninku ciki. A bango ɗaya, ka ƙara kunne mai faɗin 5 a ƙarshen sashen ƙeya. Sassan goshi da ƙeya ba a manna su da kati, yawo suke yi. Ka rage ƙasansu da milimita ɗaya don kada su riƙa gogar shafi.

Dalilin 22 a ƙeya maimakon 20 shi ne wannan. Da sassan biyu za su zama 20 daidai, ƙeyar za ta miƙe sambal idan an buɗe, kuma a lokacin rufewa ba ta san inda za ta nufa ba: wani lokaci waje, wani lokaci ciki, ta ci karo da daɓe. Rarar milimita biyun nan tana barin ta da ɗan tsini na kusan 9 zuwa baya, don haka kullum waje take ninkuwa.

A cikin kowane bango, ka ja layin fensir a sashen tsakiya, tsayin 25 daga ƙasa. Nan daɓe zai zauna.

Daɓe da ƙashin baya

Daɓe tsawonsa 90, faɗinsa 40, da layin ninki a tsakiyarsa ta tsawo, da kunne mai faɗin 6 a kowane dogon gefe. Kunnuwan ƙasa suke ninkuwa. Tsakiyar kuwa tana ninkuwa ne kamar katin kansa, ta zama kwari idan an duba daga sama.

Ƙashin baya ba a ganinsa, amma shi ke riƙe da komai. Ka yanke guda biyu, kowanne 80 da 37. A kowanne ka karta layi biyu ta tsawo, yadda za a sami kunne 6 a sama, jiki 25, kunne 6 a ƙasa. Ka manne jikin biyun baya da baya, kunnuwan su baje hagu da dama. Na sama za su kama ƙarƙashin daɓe a gefe biyu na ninkinsa, na ƙasa su kama kati a gefe biyu na layin tsakiya.

Idan ka leƙa jirgin ta ƙeya, za ka ga akwati biyu a jere. Kowanne yana da gefe huɗu: 20 a kan shafi, 25 na bango, 20 na rabin daɓe, 25 na ƙashin baya. Sharaɗin kwanciya shi ne tsayin ƙashin baya da rabin daɓe, idan an haɗa, su yi daidai da nisan da ke kan shafi da tsayin layin bango: 45 nan, 45 can. Da ɗaya ya zama 46, takardar za ta nemo wa kanta sabon ninki a inda ba a so, kuma ba ya gogewa. Sharaɗin tsayuwa a miƙe kuwa shi ne gefen da ke fuskantar juna su zama daidai. Idan rabin daɓe ya fi nisan shafi, bango zai karkata waje. Idan ya gaza, ya karkata ciki.

Amfanin daɓe bai tsaya ga kyan gani ba. Yana buɗewa ya shimfiɗu, ya kuma rufe, daidai da yadda katin ke yi. Wato ƙaramin kati ne a kan babba, kuma duk abin da za a iya tayarwa a kan kati ana iya tayar da shi a kansa.

Jigogi

Kowane jigo da filafilansa yanki ɗaya ne, da ninki a tsaye a tsakiya, yana zaune a kan daɓe da ƙafa biyu masu siffar harafin V. Tsinin V yana kallon goshi, hannayensa suna kallon ƙeya. Wannan ya dace da jirgin gaske, domin iskar da ke zuwa daga baya gaba take tura cikin filafili.

Daga ƙarshen daɓe na wajen ƙeya, ka sa ɗigo a kan layin ninki a 20, 50 da 80. Daga kowane ɗigo ka ja layi biyu masu tsawon 20, ɗaya dama ɗaya hagu, suna komawa baya, kowanne digiri 60 da layin ninki.

Kusurwa biyu ce ke mulkin wannan ninki. Ta farko ita ce 60 ɗin da ke kan daɓe. Ta biyu tana jikin jigon, tsakanin ninkinsa na tsaye da layin kunnensa na ƙasa. Idan ta biyun 90 ce, jigo zai tsaya cak. Idan 85 ce, zai jingina baya da kusan digiri 10, irin jinginar da ake gani a jiragen gaske da yawa. A lura da lissafin: ragin 5 ya haifi jinginar 10. A kan V mai digiri 60, duk kuskuren da aka yi a ƙafa sau biyunsa ake samu a sama. Jigogi uku da aka yanke a 90, 88 da 91 za su tsaya kowanne da inda ya dosa, kuma ido yana kama wannan nan take. Hanyar tsira ita ce a ninke takardar biyu, a yanke ɓangarorin biyu a lokaci guda, a kuma yi amfani da ma'auni ɗaya na kwali wajen fitar da ƙafar duka ukun. A jirgin farko, ka tsaya a 90.

Me ya sa 60? Idan an rage zuwa 45, jigon ya fi ƙarfi kuma ya fi saurin tashi, amma filafilin yana yin tsini kamar rufin ɗaki. Idan an kai 75, filafilin ya baje ya yi kyau, amma jigon yana tashi da fizga, kunnuwan suna shan wahala, kuma a rufe yana kwanciya kusan a kan daɓe ya miƙa nesa. Sittin tsaka-tsaki ce.

Jigon tsakiya tsayinsa 105. Sandan kansa faɗinsa 6, wato 3 a kowane gefen ninki; ninkin shi ke ba shi ƙarfi, kamar ƙarfen kwana. Ƙafa a kowane gefe alwatika ce, gindinta 20, tana hawa 12 ta haɗe da sandan, da kunne mai faɗin 5 a ƙarƙashi wanda zai ninku baya. Babban filafili yana farawa daga tsayin 15 zuwa 55, faɗinsa 35 a kowane gefe. Na sama daga 59 zuwa 88, faɗinsa 30 a ƙasa, 20 a sama. Abin da ya rage na tuta ne. Kada ka raba filafilan biyu gaba ɗaya, domin sandan milimita 6 kaɗai zai rage a tsakaninsu, kuma nan ne jigo ke karyewa. Ka yanke siririn jinjirin wata a tsakani, ka bar kusurwoyin filafilin sama a haɗe da sandar gicciye ta na ƙasa. A jirgin gaske ma a nan ake ɗaure su.

Jigon gaba tsayinsa 85: filafilin ƙasa daga 15 zuwa 47, faɗi 28, na sama daga 50 zuwa 73, faɗi 24 zuwa 16. Jigon baya tsayinsa 70, ƙafa da sanda kawai. Filafilinsa alwatika ce da ake yankewa dabam, tsayi 45, tana miƙa 30 zuwa baya, da ɗan kunne da za a manna a cikin ninkin sandan daga tsayin 20. Duk jikinta ya kasance bayan jigo. Duk abin da ya leƙo gaba zai soki daɓe idan jigon ya kwanta.

Tsayin 15 da filafilai ke farawa ba ado ba ne. Filafilin ya fi jirgi faɗi, don haka yana ƙetare saman bango, wanda ya ɗara daɓe da 6. Sa'ad da jigo ya kwanta, tazarar da ke tsakanin gindin filafili da bakin daɓe tana raguwa zuwa rabi. Sha biyar ta koma bakwai da rabi, ta wuce 6 da ƙyar. Wanda ya ɗaga bango zuwa 10 saman daɓe, dole ya ɗaga filafili ya wuce 20.

A rufe, jigogin uku gaba suke faɗawa, a jere, kowanne ya shige cikin V na wanda ke gabansa. Kowanne yana miƙa gaba da kusan kashi 87 cikin ɗari na tsayinsa. Na gaba yana zaune a 110 daga bakin kati, ya ƙara 74, ya tsaya a 184. Na tsakiya yana kaiwa 171, mashin goshi 200. Duka suna cikin 210. Wanda ke son dogayen jigogi, ko ya ƙara girman kati, ko ya koma V mai digiri 45 wanda ke miƙa kashi 71 kawai.

Akwai wani abu da ke ɓoye wa mutane da yawa. Idan kati ya rufe, ganga gaba ɗayanta, har da hanci da mashi, tana matsawa nesa da layin tsakiya da milimita 20, alhali tsakiyar daɓe tana nan inda take. Wato goshi yana tasowa ya tari jigon gaba da ke faɗowa. Da awon da aka bayar, jigon yana wuce saman hanci da kusan milimita huɗu. Shi ya sa goshi ya tsaya a 33, mashi kuma bai hau fiye da digiri 20 ba. Ɗaga goshi zuwa 40 don ya yi kama da hoto zai sa jigon ya karye a kansa a rufewar farko.

Haɗawa

Ka yi duk zane da launi tun sassan suna shimfiɗe. Fensir mai launi da alƙalami sun fi fentin ruwa, domin ruwa yana kumbura takarda ya canza awonta. Kowane layin ninki, ka karta shi da biro a jikin rula, ka ninke shi gaba da baya sau biyu ko uku ya saki.

Ƙa'idar manni ɗaya ce a ko'ina: ka manna ɓangare ɗaya a kan layinsa, ka kwantar da yankin, ka shafa gam a kunne na biyu, sannan ka rufe shafin a kansa. Ta haka kunne na biyun yana samun wurinsa da kansa, kuma tabbas abin zai kwanta. Manna kunnuwa biyu a buɗe, kowanne a kan layin fensir, shi ke kawo jigon da ya murɗe.

Ka fara da jigogi a kan daɓe, tun daɓen yana shi kaɗai. Na gaba tukuna, sai na tsakiya, sai na baya. Tsinin V ya zauna a kan layin ninki daidai, ba gefe ba. Sannan ƙashin baya a ƙarƙashi, da tazarar 5 a kowane ƙarshe. Sai bangaye: ninkin kunnen daɓe ya hau layin 25. Ka manne hanci da mashin bango biyu fuska da fuska, su zama abu ɗaya mai kauri biyu. Ka rufe ƙeya da kunnenta ta ciki.

Yanzu jirgin yana hannunka, ba kati. Ka matse shi ya kwanta. Ka ɗora shi a shafi ɗaya, ninkin ƙasa na ƙashin baya a cikin layin tsakiya, sashen tsakiya tsakanin alamar 30 da 120. Ninkin kunnen bango ya kamata ya faɗa a kan layin 20. Idan bai faɗa ba, ka tsaya ka nemo inda awo ya kauce kafin ka taɓa gam. Ka manna kunnuwa biyun da ke kallon wannan shafi. Ka shafa wa biyun da ke sama, ka rufe kati, ka danne da littafi mai nauyi na minti goma.

Gam kaɗan ake sawa, da tsinke, har ya zama kamar danshi kawai. Wanda ya yi yawa yana fitowa ta gefe ya manne abin da ya kamata ya motsa. Ɗan guntun leda da aka sa tsakanin sassa kafin a danne yana hana wannan. Buɗewar farko a yi ta a hankali, rabi tukuna, a taimaki kowane ninki da hantsaki ya bi hanyarsa.

Igiyoyi

Nan ne jirgi ke samun rai, nan ne kuma aka fi ɓata shi. Zare ba ya miƙewa, kuma nisan da ke tsakanin wurare biyu a jirgin yana canzawa tsakanin buɗe da rufe. Kafin ka ɗaura kowane zare, ka tambaya: a wane hali ne nisan ya fi tsawo?

Zaren da ya taso daga wuri mai tsayi ya gangara gaba yana sakewa idan an rufe. Daga kan jigon tsakiya zuwa kan jigon gaba, nisan 36 ne a buɗe, 16 a rufe. Irin wannan lafiya lau ne: ka ɗaura shi kati na shimfiɗe, ya miƙe amma kada ya ja. Haka na kan jigon gaba zuwa bakin mashi, wanda ya haura 100 a buɗe ya koma wajen 20 a rufe.

Zaren da ya taso daga wuri mai tsayi ya gangara baya kuwa akasin haka yake. Daga kan jigon tsakiya zuwa kan jigon baya, 46 ne a buɗe, amma 63 a rufe. Wanda ya ɗaura shi a miƙe, da ya rufe kati zai ji ƙarar yagewa. Mafita ita ce a bi yadda ake yi a jirgin gaske: zaren jigon baya ya tashi daga kansa, ya gangara gaba ya kama jigon tsakiya a tsayin 57, ƙasa da inda ya taso.

Igiyoyin gefe, masu kama da tsani, su ne mafi sauƙi, muddin bakinsu biyu suna kan yanki ɗaya. Zare daga saman jigo zuwa ƙarshen ƙafarsa ta V ba ya canza tsawo ko kaɗan, domin tare suke motsi. Idan aka kai shi jikin bango, lissafi ya canza.

Ka huda da allura, ka zura zaren, ka sa ɗigon gam a baya, ka rufe da ɗan guntun takarda. Ƙulli yana yin tudu ya bar tabo a shafi. Goga zaren a jikin kyandir yana kwantar da gashinsa ya rage harɗewa. Dogon zaren goshi shi ya fi kama kusurwar filafili idan ya saki, don haka a ɗan zagaye kusurwoyin da almakashi.

Filafilan alwatika da ake gani tsakanin jigon gaba da mashi ba sa yiwuwa da takarda a wannan tsari, tunda wurin da za su zauna yana tsukewa daga 100 zuwa 20. Ba asara ba ce: jiragen zamanin da muka zaɓa ba su da su, sai a ƙarni na 18 suka yaɗu a manyan jirage.

Teku da bango

Tsakanin bangon jirgi da shafi akwai kusurwar da ita ma take rufewa, kuma ana iya tayar da igiyar ruwa a cikinta. Ka yanke tsiri mai siffar raƙuman ruwa, tsayi 14, ka manna kunnensa a shafi nisan 12 daga bango. Ka haɗa shi da bango da ɗan gada mai tsawon 12, a tsayin 8 a ɓangarorin biyu. Akwatin nan ne dai mai gefe huɗu, ƙarami. Tsirin yana ɓoye inda ganga ta haɗu da kati.

Idan an gama, katin zai yi kauri a wajen layin tsakiya, inda takarda ta taru kusan ninki goma. Kada a ƙara wa katin ciki layin ninki na biyu don ya sami wuri, domin motsin duka a kan layi ɗaya ya dogara. A yi masa bango dabam irin na littafi: kwali mai faɗin da ya ɗara da 5, da layin ninki biyu masu tazarar 5 a tsakiya, a manna shi a bayan shafukan biyu, a bar gadon bayansa ba gam.

Jirgin da ya ƙi miƙewa sosai, yawanci katin ne bai shimfiɗu ba, ko wani zare ya yi gajarta. Ka danne shafukan da yatsa ka ga wane zare ne ya fara ɗaurewa. Jigon da ya karkata gefe, tsinin V ɗinsa ne ya sauka daga layin ninki. Kunnen da ke ɓallewa kullum a wuri ɗaya yana nuna awon da ya gaza a kusa da shi, kuma ƙara gam ba ya maganinsa, sai dai yagewar ta koma wani wuri. Filafilan da suka nannaɗe bayan kwanaki, laima ce ta shige su. A ajiye katin a rufe, a kwance, ƙarƙashin littafi, a wuri busasshe.